Baba, Na Gaji da Danna Kwali

Ƙawayena na nan, barkanku. Masu tsokanata wai me nake yi da kwalin taliya a cinya kullum, yau za ku ji. Amma ba da ku nake ba, da babba nake.

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ɗakin Karatu na unguwarmu, a nan Jibiya.

Assalamu alaikum. Baba, ina gaisuwa, ya iyali, ya jama'a? Ɗiyarka ce, jikar Inna Yalwa mai tafireta. Na ji an ce da kaka ta yi za ku ba wani ɗan kasuwa hayar ɗakin karatu, da yake a rufe yake, ya zuba hatsi. Shi ya hana ni yin shiru.

Na farko. Kodin nake son koya, wato rubuta wa kwamfuta umarni ta bi. Boko na bari a aji uku na sakandare, Turancina na lallaɓawa ne. Na shiga guruf-guruf a waya na tambaya ta ina ɗan koyo ke farawa, kowa da nasa. Wannan ya turo littafin da ko bangonsa ban gane ba, wancan ya ce sai na yi jami'a. Ga halin bakin iyaka ka sani: ina tsakiyar kallon darasi sai waya ta tsallaka zuwa sabis ɗin Nijar, kati ya ƙone, in na dawo kuma a jero mani bidiyo da Faransanci. Wanda na samu da Hausa, malamin ya ce, buɗe kwamfutarka. Wacce?

Na biyu, kuma shi ya fi ci mani rai. A ɗakin nan Inna ta koyi aiki, zamanin da kuɗin mai suka shigo, manyan motoci na layi tun daga Magama. Ta ce tafireta ɗaya ce tak, masu koyo sun cika benci. Sai malaminsu ya zana wa kowa madannai a kan kwali, ka yi ta dannawa har layi ya zo kanka. Ba wanda aka tambaya takardar makaranta. Da wannan ta zauna bakin iyaka tana buga wa direbobi takardun kaya, ta ciyar da gida.

Ina ƙarama takan kai ni ɗakin. Ina tuna tagoginsa masu shuɗin fenti, da fankar sama mai kuka, da ƙamshin tsofaffin littattafai. Takan nuna mani gurbin da take zama, jikin taga ta gabas. Yanzu idonta ya yi rauni, amma ko tsintar shinkafa take, yatsunta na buga haruffa a bakin tire. Da ta ji ina ƙorafi, sai ta ce in kawo kwali da gawayi. Tana faɗa ina zanawa, layi-layi, ba ta manta ko harafi ɗaya ba. In na yi kuskure ta buge mani hannu, wai yatsuna kamar na mai kwaɓa fura.

Na uku. Kwamfutocin da 'yan garinmu mazauna birni suka aiko wa ɗakin karatu, na leƙa ta taga na gan su. Ko igiyar da aka ɗaure su da ita ba a kwance ba. Su suna cikin kwali, ni ina koyo a kan kwali.

Roƙona, Baba: a fasa hayar nan. A buɗe ɗakin ko da yamma ne kawai. A kunna ko guda ɗaya ce, mu bi layi kamar su Inna. A nemo wanda zai fara da mu daga tushe, da Hausa. Shara da goge ƙura ni na ɗauka.

Inna kullum sai ta tambaye ni ko an buɗe. Ta ce ba za ta ga allon ba, amma tana son ta ji ƙarar madannai a ɗakin nan sau ɗaya kuma. Na gaji da ce mata tukuna.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya sa ka gama lafiya da jama'a.

Ku kuma ƙawaye, wadda ta fara kodin daga babu, ta faɗa mani a ƙasa da me ta fara.

Wassalam.
Ɗiyarka, jikar Inna Yalwa.