Tauraron da Auta Ta Zaɓa wa Lamba

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da Inna. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Auta, Ya sa mai ceto ce.

Ni lafiya ƙalau nake. Ina cin abinci a kan lokaci, galibi.

Kin san aikinmu: muna gwada ko abin nan da ba a gani a sararin samaniya, sai dai a ga yana jan taurari, zai iya dunƙulewa ya zama tauraro. A kwamfuta muke ƙera su, wanda nauyinsa ya wuce kima sai ya rufta. Da zan fara gwajin ƙarshe na kira Auta a waya, na tambaye ta lambar da zan fara lissafin tauraron da ita, ta ce, "Bakwai mana, Baba, shekaruna!" Na sa bakwai. Sauran taurari goma sha ɗaya da na ƙera duk sun rufta. Nata yana nan tsaye, wata huɗu ke nan.

Jiya mai kula da kwamfutocin ya ce, "Farfesa, ka samu sakamakonka, ɗalibai suna jiran kwamfutar." Yana da gaskiya. Ya ba ni zuwa Alhamis in kashe gwajin. Ni dai tsayarwa nake cewa. Ba ni da hujjar ilimi ta neman ƙarin lokaci.

Ban samu jana'izar Auta ba, wannan kuwa ba na son yin sa ni kaɗai. Idan kin amince, zan kira ki Alhamis da hantsi, ki tara yara. Kina kan waya zan danna maɓallin tsayarwa.

Ki gaida Yaya, maganinsa yana hanya.

Naki har kullum,
Baban yara