Takardar Malam Idi da Ka Tafi da Ita

Zuwa ga ɗana da ke Jidda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ina sanar da kai cewa ƙannenka suna nan ƙalau, ƙafata ma ta yi sauƙi. Wannan ce wasiƙa ta uku da na aiko maka tun bayan sallar layya. Biyun farko na rufe su, ba ka amsa ba. Wannan a buɗe na miƙa wa direban motar Jidda, kuma da ajami na rubuta ta, domin duk wanda ta bi ta hannunsa ya karanta.

Maganar ba ta canza ba, ta Malam Idi ce. Shekara tara mutumin nan yana aiki a matoyar nura, inda ake gasa dutse ya zama farar ƙasar gini. Kai ne akawun wurin, kuma bisa al'adar wurin igamar kowane lebura, wato takardarsa ta izinin zama a ƙasar nan, a hannunka take. Ƙurar nura ta cinye masa ƙirji, ya yi ta tari har ya cika. Kai kuwa ka rubuta cewa ya bar aiki tun kafin ciwon ya kama shi. Mai matoyar ya ji daɗinka, ya mayar da kai ofishinsa na Jidda, ka tafi da igamar mamacin, wadda sunan matarsa Ladi da na 'yarsu Rakiya suke ciki. An ce maka idan babu takarda ba za ta iya kai ƙara ba. Gaskiya ne. Amma umda, mai unguwarmu, ya sanar cewa ƙarshen Muharram za a bi gida gida, wanda ba shi da takardar zama a haɗa shi da ragowar alhazai a kai shi jirgi. Ladi a goye aka fito da ita daga garinsu. Rakiya a nan unguwarmu ta Tandabawi aka yanke mata cibiya. Ina za a kai su?

Ka san akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona. Da iyayena suka yada zango a Sudan a hanyarsu ta zuwa nan, suna tsinkar auduga, ni aka sa ni makarantar 'yan mata, na yi har ajin manya. Abin da na fito da shi ke nan, littattafan Ingilishi guda bakwai, na waƙoƙi biyu, sauran na labarai. Da su na koya maka Turanci bayan la'asar, kana zaune a kan tabarma, bulala a gefena. Turancin nan da ƙididdiga su suka sama maka kujera a inuwa, alhali sa'anninka suna ɗaukar ruwa da garwa a kafaɗa.

Ka tuna abin da ke cikinsu. Garuruwan da hayaƙi ya rufe har ba a ganin rana. Mutanen da suke shiga rami haƙar gawayi tun suna da ƙarfi, su fito ba sa iya numfashi. Gidan da ake tara matalauta, a raba miji da mata, a auna musu abinci kamar ana jin haushin suna raye. Ƙauyen da mai gona ya watse don ya faɗaɗa lambunsa. Malaman addininsu suna wucewa ta gefen mai yunwa suna yi masa wa'azin haƙuri.

Duk sanda muka kai ƙarshen shafi, nakan rufe littafin in ce maka: ka ga halin Nasara, ba su da tausayi. Nan na yi kuskure, kuma sai yanzu na gani. Na koya maka littattafan nan kamar labarin laifin wasu mutane a wata ƙasa mai sanyi. Ban taɓa cewa ka leƙa bayan gidanmu ba. Marubutan nan kuwa mutanensu suke tsawatar wa, garinsu suke tonawa. Ni na karɓi tsawar na mayar da ita abin alfahari.

Bayan tafiyarka na sake buɗe su. Na lura da abin da ya wuce ni ina budurwa. Mai masana'anta ba ya zuwa da kansa ya kori gwauruwa. Kullum akwai wani mai tsabtatacciyar riga a tsakani, mai ladabi, mai kyan rubutu, wanda yakan ce shi umarni yake bi. Shi ne yake rubuta abin da bai faru ba, ya sa takarda a aljihun tebur ya kulle. Ba ya dukan kowa. Mai yiwuwa shi ma yana da uwa da take alfahari da shi.

Akwai abin da ban yarda da su a kai ba. A ƙarshen labaran nan sau da yawa sai wani kawu mai arziki ya ɓullo, ko a gano maraya ɗan manyan mutane ne, kowa ya share hawaye. Masu waƙar kuma ta taga suke kallon talaka, su yi masa kuka mai daɗin ji, su koma teburinsu. A Tandabawi babu kawun da zai ɓullo. Ladi 'yar talakawa ce, haka za ta kwana, haka za ta tashi.

Ranar da na san halin da take ciki, na fito zan je unguwar Misfala ne na ga allon ƙullun burodi a ƙofar bukkarta. Ka san ma'anarsa a garin nan: gidan babu namiji, duk wanda ya wuce ya kai gidan gashin burodi ya dawo da shi. Wani ɗan dako ya ajiye kayansa ya ɗauka, bai tambayi ko na wane ne ba. Na tsaya ina kallonsa. Bai san ko harafi ɗaya ba.

Na shiga na same ta ta ɗaure kayanta tun kafin a zo. Ba ta zage ka ba. Ta ce Malam Idi yakan ce ɗan Inna yaron kirki ne, yana barinsa ya zauna a inuwar ofis idan tari ya taso. Da ta zage ka da ya fi mini sauƙi.

Sati biyu ke nan ita da Rakiya suna ɗakinka. Na kwashe littattafanka na sa a soro. Rakiya tana jin motsi a ƙofa sai ta shige bayan randa.

Na san ni mace ce mai tsanani. Ban yi maka wasa ba, ban yabe ka a gabanka ba. Kai ɗan fari ne, ga kunya irin tamu. Da zazzaɓi ya kwantar da kai a hanyar Arfa kana shekara shida, kakarka ce ta goye ka, ni ina biye a baya kamar ban damu ba, alhali idona bai bar tafin ƙafarka ba har muka isa. Tun da aka raɗa maka suna bakina bai taɓa furta shi ba. A gida in ce kai, a waje in ce yaron nan. Amma babu sujadar da na yi a Harami ban ambace ka a zuci ba.

To ga inda na tsaya. Direban nan zai juyo ranar Alhamis. Ka sa igamar Malam Idi a ambulan ka ba shi, ko mai matoyar zai kore ka. Idan ya kore ka, ka dawo gida, akwai tuwo, akwai wurin shimfiɗa a soro. Idan kuwa ya juyo hannu wofi, ranar Asabar zan riƙe hannun Ladi mu je wurin umda. Zan gaya masa tana da takarda, zan gaya masa abin da aka rubuta a kan mijinta. Zai tambaye ni wane ne ya rubuta, kuma a gaban umda ba a cewa yaron nan. Sai an faɗi suna, da sunan uba.

Ɗana, shekara ashirin da shida na riƙe sunan nan a bakina. Kada ka bari in fara furta shi a can.

Allah ya jiƙan Malam Idi, ya sanyaya masa ƙirji. Allah ya rufa wa Ladi da Rakiya asiri. Allah ya yafe mini abin da na koyar a karkace, ya tausasa zuciyarka kafin Alhamis. Amin.

Wassalam,
Innarka, daga Tandabawi