Dutsen Taimamar Mama

Asabar, 19 ga Oktoba, unguwar Moss Side

Yau na kai Mama yawon buɗe ido gaɓar tekun Wales. Jagoranmu ya daɗe yana bayanin baƙaƙen duwatsun da aman wuta ya bari, ya roƙa kada kowa ya ɗauki ko tsakuwa. Na fassara mata, ta gyaɗa kai kamar ɗalibar kirki.

Ɗazu na ga ɗaya a kan tagar ɗakinta.

"Mama, an hana fa."

"Na taimama ne. Shi mai hanawar ya san sanyin famfonki da asuba?"

Tun zuwanta nake kashe na'urar ɗumama ruwa da dare don tsimin kuɗin wuta, ina zaton ba ta lura ba. Na je na kunna. Dutsen kuwa, Wales ta yi haƙuri.