Sun Ɗaure Famfon Cocinku, Mama

Mama,

Ina gaishe ki da gaisuwar da na saba yi miki kowace safiya. Na san ba za ki karanta wannan ba, ko kina raye ma sai an karanta miki. Amma bakina ya cika da magana, kuma duk Fatakwal yau ba wanda zan faɗa wa sai ke.

Bari in fara da mai daɗi. Matata Rakiya ta haihu bayan rasuwarki, mace. Na sa mata Maryam saboda ke, muna kiran ta Ummi.

Sauran labarin babu daɗi. Jirgin ƙasa yana ta sauke 'yan'uwanki Ibo daga Arewa, wasu da sara a ka, wasu mata rungume da yaran da ba sa motsi. Tun da aka fara wannan rikici, ba wanda ya ƙara tsayawa gaban teburina ya sayi nama. Matan da suka goya ni, in sun hango ni sai su tsallaka titi. Me zan ce musu? Cewa ni ko Kano ban taɓa gani ba?

Kin tuna labarin da kike ba ni na zuwanki unguwarmu Mile 2 kina amarya? Kika ce ƙararrawar cocinku kaɗai ake ji a duk yankin nan na Diobu. Sai su Baba da sauran fataken shanu suka kafa masallacin kwano a bayan katangar cocin. Daga baya 'yan cocin fararen riguna suka zo suna kaɗa ganga a bakin ruwa, ga kuma masu wa'azi gida-gida da 'yan littattafai. Tsohon fastonku bai taɓa ɗaga hankalinsa ba. Shi ya bar Musulmi suna ɗiban ruwan alwala a famfon coci, shi kuma ya hana dattawa korar ki don kin auri Bahaushe Musulmi. Ke kina tafiya ranar Lahadi, Baba ranar Juma'a, mu dawo mu ci daga tukunya ɗaya.

Wanda ya gaje shi daban ne. Tun kafin a fara zubar da jini yake wa'azi cewa gonar Ubangiji ta cika da ciyawa. Yanzu ya sa an ɗaure famfon da sarƙa. Ladaninmu ya daina ɗaga murya, a cikin ɗaki yake kiran salla kamar mai raɗa. Shekaranjiya samarin coci suka bi layinmu suna zana gicciye da alli a ƙofofin Kirista. Ba su ce don me ba, ba wanda ya tambaya. Da suka gama, ƙofarmu kaɗai ta rage wayam.

Ƙawarki Mama Ngozi ce ta zo da rana tsaka, kowa yana kallo, ta zana mana namu. Ba ta nemi izinina ba, ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ɗanta na fari yana Jos, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Duk da haka ta zana. Ban goge ba, Mama. Liman ya wuce ya gani, ya kau da kai.

Jiya ƙaninki Kawu Emeka ya zo. Yanzu yana cikin dattawan coci. Ya ce in yarda a yi mini baftisma a sa mini wani suna, sai ya kai mu ƙauyenku mu zauna har ƙura ta lafa. Ya ce ruwa ne kawai, abin da ke zuciyata nawa ne. Na san don ƙauna ya faɗa. Na ce masa ba zan iya ba. Ya daɗe yana kallon Ummi, sannan ya ce zai ci gaba da gaya wa samarin cewa ni ɗan yayarsa ne, amma bai san iya kwanakin da maganarsa za ta yi nauyi ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Waƙoƙin da kike yi kina niƙa barkono, duk na haddace su, da su nake lallashin Ummi. Kuma bayan kowace salla nakan ambaci sunanki. An ce mini ba a yi. Ina yi.

Na je in yi miki sallama a makabartar bayan coci, mai gadi ya ƙi buɗe mini. Ta ramin katanga na leƙa. Ciyawa ta fara cin kabarinki ta wajen ƙafa. Wa zai nome miki?

An yi shela a rediyo cewa duk wanda ba ɗan yankin Gabas ba ya fita. Gobe da safe motar shanu za ta kwashe mu zuwa Arewa. Direban ya ce kafin gadar shiga Arewa ana tare hanya ana neman Hausawa, bayan gada kuma wasu ne ke tarewa suna neman Ibo. Ya dube ni sosai, ya ce in mun haye in rufe fuskata da rawani in yi shiru, don fuskarki na ɗauko, Hausata ma da karin harshenki take fita.

Ki huta lafiya, Mama. In na isa, zan sake rubuto miki.

Ɗanki,
Habibu, wanda kike kira Chidi