Man Shanu a Ƙafar Malam

Fezzan, Maiduguri.

Zuwa ga Yaya Falmata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya sanyin Jos? Yaya ƙarfin jikin Inna?

Yaya, ina rubuto miki da labari mara daɗi. Maigidana Malam yana kwance a asibiti. Ya kai shanu Legas, kwana uku yana takure a mota, ya dawo ƙafarsa ta hagu a kumbure, da zafi kamar wuta. Na ɗauka gajiya ce. Na narka man shanu na yi ta matsa masa yadda Inna take yi wa Baba, ina karanta masa littafin soyayyar nan nawa, yana dariya yana cewa, "Amarya, wannan saurayin naki na cikin littafi bai taɓa bin shanu ba."

Ranar Talata numfashinsa ya sarƙe, ya yi tari da jini. Likita ya ce dogon zama ne ya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafar, guntunsa ya ɓalle ya tafi huhu. Ya tambaya ko an yi tausa. Yaya, na kasa ɗaga kai.

Don Allah ki faɗa wa maigidanki, tunda shi ma kullum yana kan hanya, ya riƙa sauka yana taka ƙasa. In ƙafa ɗaya ta kumbura, kada ki matsa, ku tafi asibiti.

Ki roƙi Inna ta yi wa Malam addu'a, amma kada ki gaya mata zancen man shanun. Ki gaida kowa. Saura kaɗan mu gama littafin, kuma ba zan buɗe shi ba sai ya dawo.

Ƙanwarki,
Kaltume