Hannuwan Baba Suna Narkewa

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon bayan naki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, raina a ɓace nake rubuto miki. Kin tuna hannuwan Baba da na zuba da kakin zuma kafin rasuwarsa, waɗanda na ba gidan baje kolin fasahar zamani na tsakiyar gari aro? Jiya na leƙa, na tarar ƙaramin yatsan hagu ya lanƙwashe. Ashe tun shigowar zafin nan Daraktan gidan ya kashe na'urar sanyaya ɗakin, wai kuɗin wuta ya fi ƙarfinsu tunda kamfanin da ke ɗaukar nauyinsu ya zare hannunsa. Ko waya bai yi min ba.

Kin san babu na biyu. Farar ƙasar da na ɗauki siffar hannuwan da ita, sai da na fasa ta sannan na ciro su. Na faɗa ofishinsa na wanke shi tas, yana zaune gaban fanka yana ba ni haƙuri, wai in jira ƙarshen wata.

Ki gaida yara.
Ƙanwarki, Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida. Na ga amsarki, kin ce in bi a hankali. To ki ji rainin wayo.

Mutumin nan ya cire allon bayanin da na rubuta, ya kafa nasa: wai da gangan na yi aikin don ya narke, don mutane su ga yadda duniya take ƙarewa. Ƙarya tsirara, kuma da sunana. Wata ta ɗauki hoto ta watsa a waya, yanzu layi har bakin titi. Gidan da a da sai ƙarar takalmin maigadi kake ji, yau ana ture-ture. Wasu kullum sai sun dawo su ga wane yatsa ne ya faɗi, har da masu caca a kai. Hannun da ya fere mana fensir, Yaya.

Na ce masa to ga kuɗi sun shigo, a kunna na'ura. Ya sunkuyar da kai ya ce in an kunna narkewa za ta tsaya, layi ya watse, masu ginin kuma dama sun ƙosa su ba masu sayar da wayoyi haya. Wallahi na tsane shi, musamman da na ga gaskiya ya faɗa. Gobe zan je da kwali in kwaso abina.

Taki, Auta

Yayata,

Ina fatan kun tashi lafiya. Ni dai ga ni nan.

Na je da kwalin. Na shirya faɗa, ban samu abokin yi ba. Darakta ya ɓuya. Matar da ke share gidan, wadda ta girme mu duka, ita ta karɓo makulli ta buɗe min akwatin gilashin da hannuwan suke ciki, ta shimfiɗa tsumma a kwalin don kada su bugu. Ba ta roƙe ni komai ba. Cewa kawai ta yi wannan watan ne aka fara biyansu albashi cikakke, in yi wa mai hannuwan addu'a a madadinta. Ina kallon nata hannuwan, duk sabulu ya cinye su.

Haka na dawo da kwali wayam. Kada ki ce na yafe, ban yafe ba. Abu ɗaya na tsaya a kai har aka yi: an sauke allon ƙaryar. Sabon ya ce hannuwan wani kafinta ne, uban 'ya'ya mata biyu, kuma suna narkewa ne saboda gidan ya kasa biyan kuɗin wuta. Layin bai ragu ba.

Ki bar wa babansu yaran, ki shigo mota kafin ƙarshen mako. Hannun hagun ya gama narkewa. Amma tabon nan na babban yatsan dama, wanda zarto ya yi masa ranar da yake haɗa miki teburin karatu, da safen nan na duba, yana nan.

Ki zo da kuɗin tikitin shiga gidan, ni ma saya nake yi.

Ƙanwarki, Auta