Kwamfutarka da Firjin Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a aikin da ya kai ka can. Mu ma muna nan, alhamdu lillahi. Kawu ya warke daga ciwon ƙafar nan har ya koma shago. Inna ma da sauƙi yanzu, kada hankalinka ya tashi, amma maganarta ce ta zaunar da ni rubutu, don a waya ba zan iya faɗa maka tana jina ba.

Kwamfutar da ka aiko mini wata biyu ke nan da isowarta. Na gode, Yaya, Allah ya saka da alheri. Ba ta fi kwalin takalmi ba, ga kyau ga gudu. Sai dai ka san gidan nan. Wutar gari sai ta ga dama, batirin sola kuma ɗaya ne, shi ke ɗauke da aikina, shi ke ɗauke da ɗan firjin da allurar ciwon sugan Inna take ciki. A satin farko, kafin la'asar batirin ya mutu, komai ya ɗauke, na gaji da bai wa shugabar aikina haƙuri. Na ce zan mayar da ita kwali. Inna ta ce atafau, ɗanta ba zai aiko abu daga uwa duniya a rufe shi ba. Bayan nan sai batirin ya riƙa kaiwa yamma, ni kuma na ɗauka rana ce ta ƙara ƙarfi.

Da na ga damina na matsowa, rana za ta ragu wa solar, sai na yi wa mai gyaran wutarmu magana, wanda muke ce wa Injiniya. Ya ara mini wata 'yar mita da ake sokawa tsakanin soket da filogi, ya ce in daina canke, in auna. Na auna kuwa, har idanuna suka yi ja. Na jera kwamfuta uku a kan teburin ɗinkin Inna: taka, da tsohuwar da ofis suka ba ni, da wata 'yar mitsitsiya kamar tafin hannu da maƙwabciyarmu malamar makaranta ta ara mini. Allo ɗaya, aiki ɗaya na shigar da bayanai, kowace kwana uku. 'Yar mitsitsiyar wutar wat goma sha biyu take ci. Ta ofis talatin da biyar, tana yi tana nishi. Taka tamanin zuwa casa'in, ko na tashi salla na bar ta a zaune ba ta sauka ƙasa da arba'in. Injiniya ya ce ta masu zane da haɗa fim ce, ni kuwa lambobi kawai nake bugawa.

Da ya duba abin da na rubuta, sai ya girgiza kai. Ya ce da wannan kwamfuta da firji, batirinmu ba zai taɓa kaiwa yamma ba, sai dai in akwai abin da ake cirewa. Washegari da hantsi na bar aiki na shiga ɗakin Inna. Yaya, filogin firjin yana ƙasa. Na buɗe, ciki ɗumi. Ba ta ma musa ba. Ta ce da ta yi allurar safe take zarewa, sai ta ji na rufe aiki ta mayar, don in samu in yi aiki da kayan ɗanta. Sati biyar tana haka. Ashe jirin nan da ƙishirwar da ke damun ta, da muke ta ɗora wa zafin gari, maganin ne ya rage ƙarfi. Likita ya canza mata sabo, ya kuma wanke ni tas, na tsaya na sha.

Na gaji, wallahi. Yanzu da ta ofis nake aiki, taka tana kwali, kuma kullum da safe sai Inna ta tambaye ni laifin me kayan ɗanta suka yi. Na nuna mata lambobin, ta ce ita ba ta yi boko ba. Abu ɗaya nake roƙonka. Ka kira ta, kada ka yi mata faɗa, kada ka nuna ka ji labarin firji. Ka ce mata kai ne ka ce in ajiye kwamfutar. Tawa maganar ba za ta ji ba, taka za ta ji. Na naɗe filogin firjin da salatif, amma ka san hannun Inna, kuma ba zan iya buga lambobi ido ɗaya yana ƙofar ɗakinta ba.

Ka gaishe mini da Anti da 'yan biyu, da Gajere in har yanzu yana tare da ku. Kawu da Gwaggo suna gaishe ka. Inna ma ta ce in gaya maka kwamfutarka tana aiki lafiya lau.

Taka ƙanwa,
Auta